Gayyar Ɗakunan Karatu: Koya wa Ɗalibin Gwarzo da Kabo Neman Bayani da Tantance Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya hau mota daga Kabuga a birnin Kano ya nufi yamma, ba zai yi nisa ba sai ya ga ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero a bakin titi. A can ciki ne babban ɗakin karatun jami'ar yake, da kantocinsa cike da littattafai da mujallu na kowane fanni. Daga nan titin ya miƙa ya bi ta Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya isa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70 daga birni, kafin ya zarce Dayi ta Jihar Katsina. Titin Gwarzo ake ce masa, amma ɗalibin sakandaren Gwarzo da wuya ya taɓa sa ƙafarsa cikin ɗakin karatun nan da ke bakin titin garinsu.

A da, nisan nan shi ne babbar matsalar ɗalibin karkara. Littafin aji guda ɗaya da abin da malami ya rubuta a allo su ne iyakar abin da zai dogara da shi. Yanzu kuwa wayar hannu ta naɗe tafiyar. Yaron da ke zaune a Getso ko Garo, in ya sami aron wayar yayansa da ɗan data, yana iya buɗe rubuce-rubucen da ko rabinsu ba za su shiga ginin laburaren jami'a ba. Sai dai an gudu ba a tsira ba. A laburare, kafin littafi ya hau kanta sai da wani masani ya duba shi ya zaɓe shi. A waya kuwa tsaba da ƙaiƙayi a haɗe suke zuwa, kuma babu mai sheƙe su sai shi ɗalibin. Wannan sheƙewa sana'a ce da ake koyo, kamar yadda ake koyon amfani da madubin ƙara girman abu a ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikatan laburare na jami'o'i su ne gwanayenta, kuma sun gano cewa in za su kai ta ga ɗalibi na nesa, sai sun haɗa hannu sun shirya darussan koyi-da-kanka ta intanet.

Mece ce wannan ƙwarewa?

Wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski ne ya fara ba wannan ƙwarewa suna, cikin wani rahoto da ya rubuta a shekarar 1974. A shekarar 1989 Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta fitar da rahoton da ya fayyace ta sosai. A taƙaice abubuwa huɗu ne: mutum ya gane cewa yana bukatar bayani, ya san inda zai neme shi, ya iya auna ingancinsa, sa'an nan ya yi amfani da shi yadda ya dace. Hukumar UNESCO ta rungumi al'amarin a tarurrukan da aka yi a Prague cikin 2003 da Iskandariyya ta ƙasar Masar cikin 2005. Nijeriya ma tana da hannu a ciki, domin a Abuja aka ƙaddamar da ƙawancen duniya kan wannan ilimi a shekarar 2013, kuma a nan aka yi babban taron makon da UNESCO ta keɓe masa a watan Oktoba na 2022.

Duk da haka, tushen abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Almajiran ilimi a zaurukan malamai sun daɗe da sanin cewa ba a karɓar ruwaya sai an san daga bakin wa ta fito, har malaman Hadisi suka ware fanni guda na binciken masu ruwaya. Abin da ya sauya shi ne yawan masu ruwayar da saurin tafiyar maganarsu.

Mai karatu zai ga nauyin al'amarin in ya dubi abin da ya faru a shekarar 2014. A watan Yuli na wannan shekara cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin makon farko zuwa na biyu na watan Agusta sai wani saƙo ya bazu ta wayoyi, wai wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga cutar. Cikin dare guda saƙon ya karaɗe ƙasa, mutane suna tayar da 'yan uwansu daga barci domin su sanar da su. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa na ilimin halittu ya san cewa gishiri mai yawa a jini yana janye ruwa daga cikin ƙwayoyin halittar jiki, yana kuma tayar da hawan jini. Jaridu sun ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu da kwantar da wasu da dama a asibiti. Ita cutar kanta, mutum 20 ta kama a ƙasar nan, 8 suka rasu, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarshenta ranar 20 ga Oktoba. Waɗanda suka yaɗa saƙon gishiri ba mugaye ba ne. Ƙauna ce ta sa su, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi daga ina maganar ta fito.

Kada kuma a zaci cewa yaran zamani, saboda sun iya latse-latse, sun iya tantancewa. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka tattara amsoshin ɗalibai 7,804. Daga cikin abin da suka gano, fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki tallar da aka yi wa kwalliyar labari a matsayin labarin gaskiya. Iya sarrafa waya daban, iya auna abin da ke cikinta daban.

Misali daga bakin madatsar ruwa

Hanya mafi sauƙi ta ganin abin da darasin koyi-da-kanka yake koyarwa ita ce a bi shi mataki-mataki da misali na gida. A yammacin Jihar Kano akwai madatsun ruwa da dama: Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, da babbar madatsar Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a shekarar 1992. Sun kawo noman rani da kamun kifi. Amma ruwan da ke kwance, inda yara ke wanka da wasa, wuri ne da cutar tsargiya ke jin daɗinsa. A ɗauka malami ya ba wata ɗalibar aji biyar aikin gida, ya ce ta binciko dalilin da ke sa wasu yara fitsarin jini. A unguwa za ta ji amsoshi iri-iri. Wani zai ce zafin rana ne, wani ya ce alamar balagar ɗa namiji ce, wani kuma ya ba ta lambar mai magani. Ta yaya za ta isa ga gaskiya?

Matakin farko shi ne gyara tambaya. "Fitsarin jini" magana ce mai faɗi, domin abubuwa da yawa suna haddasa shi. Darasi zai koya mata ta ƙuntata tambayar: mece ce alaƙar wanka a ruwan tafki da fitsarin jini a jikin yara 'yan makaranta? Tambayar da aka gyara da kyau ta riga ta nuna hanyar amsarta.

Mataki na biyu shi ne zaɓen kalmomin nema. In ta rubuta "tsargiya" za ta sami abu kaɗan, domin mafi yawan binciken kimiyya da Turanci aka rubuta shi. Dole ta san cewa likitoci suna kiran cutar schistosomiasis, wasu kuma bilharzia, daga sunan Theodor Bilharz, likitan nan Bajamushe da ya gano tsutsar a birnin Alƙahira cikin 1851. A nan ne ake koya mata wasu ƙananan kalmomin Turanci uku da rumbunan bayanai suke ganewa, wato AND da OR da NOT, waɗanda suka samo asali daga lissafin George Boole na ƙasar Ingila. In ta sa OR tsakanin sunayen cutar biyu, rumbun zai kawo mata duk rubutun da ya ambaci ko wanne daga cikinsu. In ta ƙara AND da kalmar Kano, sai ya tace ya bar mata waɗanda suka shafi jiharta kaɗai. NOT kuwa ita ce ke fitar da abin da ba ta so.

Mataki na uku shi ne sanin rumbun da za a shiga. Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya yana da taƙaitaccen bayani kan cutar. Rumbun PubMed na Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka a buɗe yake ga kowa kyauta tun 1997. Akwai kuma rumbun mujallun Afirka da ake kira AJOL, wanda aka fara a 1998, inda ake samun mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, wato BAJOPAS, da makamantanta na jami'o'in ƙasar nan. Darasi mai kyau ba ya mance littafin takarda. Yakan nuna cewa a ɗakunan karatun da ke bin tsarin Dewey, lamba 570 ta ilimin halittu ce, 590 ta dabbobi, 610 ta likitanci. A jami'o'in da ke bin tsarin Laburaren Majalisar Amurka kuwa, haruffan QH su ne na ilimin halittu, QL na dabbobi, R na likitanci.

In ta bi waɗannan hanyoyi, ga abin da za ta tarar. Wata tsutsa ce mai suna Schistosoma haematobium ke haddasa tsargiyar mafitsara. Ƙwayayenta suna fita tare da fitsarin mai cutar. In suka faɗa ruwa sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa da ake kira Bulinus, su hayayyafa a ciki. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawan gaske, kowanne da wutsiya mai reshe biyu, suna iyo suna neman mutum. Ba sai an sha ruwan ba, fata suke hudawa su shiga. A cikin jiki su girma, su zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, macen ta yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwayayen nan, kowanne da ɗan tsini a ƙarshensa, su ne ke raunata bangon mafitsara har jini ya biyo fitsari. In aka bar cutar ta daɗe tana iya lalata ƙoda, tana kuma iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar, amma ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan. Ke nan abin da ake ɗauka alamar girma ciwo ne mai magani a asibiti, kuma 'yan mata ma suna kamuwa da shi.

Mataki na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne aunawa. Ɗalibar za ta tambayi kowane shafi: wa ya rubuta, kuma mene ne iliminsa a fannin? Yaushe aka rubuta? Wace hujja ya kawo? Me yake nema a wurin mai karatu, ya ilimantar da shi ko ya sayar masa da wani abu? Shafin da ya ƙare da lambar waya da farashin kwalba ya riga ya faɗi manufarsa. Masu binciken Stanford ɗin nan sun ƙara gano wata dabara a shekarar 2017, da suka gwada malaman tarihi 10 da ɗaliban jami'a 25 da ƙwararrun masu tantance labarai 10. Malaman da ɗaliban sukan tsaya cikin shafi suna nazarin kyansa da tsarinsa, har ya yaudari wasunsu. Ƙwararrun kuwa nan da nan suke barin shafin su je wasu wurare su binciki abin da ake faɗa a kan mai shi. Haka mai sayen akuya yake yi a kasuwar Getso: ba ya tsayawa ga bakin dillali, sai ya zagaya ya tambayi waɗanda suka san mai dabbar.

Ko mujallar kimiyya ma ba a sakar mata jiki gaba ɗaya. Mujalla ta ƙwarai, kafin ta buga maƙala, takan aika ta ga masana biyu ko uku na fannin su tace ta. Amma akwai mujallun bogi da kuɗin marubuci kaɗai suke nema. A shekarar 2013 wani ɗan jarida masanin ilimin halittu, John Bohannon, ya shirya maƙalar ƙarya cike da kurakurai da gangan, kan wani sinadari da wai yake hana ciwon daji yaɗuwa. Ya aika ta ga mujallu 304, kuma 157 daga cikinsu suka amince za su buga. Ga kuma sabon baƙo, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2022. Suna amsa tambaya cikin harshe mai santsi, amma sukan ƙirƙiro sunan littafi ko maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. A shekarar 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in ƙarya da irin wannan manhaja ta ƙaga musu. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to amma a zamanin da na'ura ke iya haɗa hoton abin da bai faru ba, shi ma ganin yana bukatar shaida.

Mataki na ƙarshe shi ne ambaton madogara. Ɗalibar za ta rubuta abin da ta fahimta da kalmominta, ta faɗi sunan wanda ta ɗauko daga wurinsa da shekarar da ya rubuta. Kwafe maganar wani ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, kuma jami'o'i suna hukunta ɗalibi a kanta.

Me ya sa sai an yi gayya?

Tun da daɗewa jami'o'in ƙasar nan kan koyar da amfani da laburare cikin darussan gama-gari na shekarar farko. Sai dai ɗalibai ɗaruruwa ne a zaure guda, malami ɗaya, lokaci kaɗan. Darasin ya zo a farkon zango, lokacin da ɗalibi bai san amfaninsa ba, ranar da zai fara rubuta kundin kammala karatu kuwa ya riga ya mance. Darasin intanet yana maganin wannan, domin ɗalibi na iya buɗe shi a ranar da yake bukata, ya maimaita sau nawa ya so, ya amsa tambayoyin gwaji ya ga makinsa nan take.

Amma shirya irinsa aiki ne babba. Ana bukatar ma'aikacin laburare da ya san rumbuna, da malamin fanni da zai kawo misalai, da mai tsara manhaja, da mai zane, da mai fassara. Da wuya laburare guda ya tara su duka, kuma asara ce a ce jami'o'i goma kowace ta zauna tana rubuta darasi iri ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomin Kabo ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta, shi ya sa yake kiran gayya ranar da noma ya fi ƙarfin gidansa.

Akwai misalai da za a koyi darasi daga gare su. A ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatan laburare na Jami'ar Texas da ke Amurka suka shirya wani darasi da aka sani da TILT, domin amfanin rassan jami'ar da ke warwatse a jihar. Kashi uku suka yi shi: zaɓen inda za a nema, yadda ake nema, da yadda ake aunawa. A shekarar 2001 suka sake shi ga duk mai so ya ɗauka ya gyara kyauta. Ɗakunan karatu da yawa suka ɗauka suka sauya misalansa su dace da ɗalibansu, ciki har da na Jami'ar Yammacin Michigan, wadda ta fitar da nata mai suna Searchpath, wasu kuma suka sake ɗauka daga wurinta.

A Birtaniya kuwa wata hanyar aka bi. A shekarar 2000 aka ƙaddamar da jerin darussa ƙarƙashin jagorancin wata cibiya ta Jami'ar Bristol, inda aka rarraba aikin: malamai da ma'aikatan laburare na jami'o'i daban-daban kowa ya rubuta darasin fanninsa bisa tsari guda. Mai karatun kimiyya da nasa, mai karatun shari'a da nasa. Shirin ya yi amfani ƙwarai, amma hukumar da ta riƙe shi daga baya, wato Intute, ta rufe a 2011 da kuɗin tallafi ya yanke. Wannan ma darasi ne: shafukan intanet suna sauyawa kullum, saboda haka darasin da ba a tanadar masa mai kula da shi ba, cikin 'yan shekaru zai tsufa.

A nahiyar Afirka, ƙungiyar ɗakunan karatu ta AfLIA, mai hedkwata a Accra ta ƙasar Ghana, ta ɗauki wani kwas da aka shirya wa ma'aikatan laburare na Amurka kan Wikipedia, ta gyara shi ya dace da Afirka, ta koyar da shi ta intanet a tsakanin 2020 da 2021 ga ma'aikatan laburare na ƙasashe da dama. Haka nan shirin Research4Life, wanda ya faro da HINARI na fannin lafiya a 2002 da AGORA na fannin noma a 2003, bai tsaya ga buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa dubban mujallu kyauta ko da kuɗi kaɗan ba, har da darussan yadda ake amfani da su yake bayarwa.

Abin da ke ƙasa a yammacin Kano

Yankin Gwarzo da Kabo ya sauya ta fuskar ilimi mai zurfi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 domin karatu daga nesa, tana da cibiyoyin karatu a garuruwan biyu, kuma littattafan kwasa-kwasanta, har da na amfani da laburare, suna shafinta na intanet kowa na iya saukewa. A Kabo an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda aka ɗaga zuwa matsayin jami'a a shekarar 2025. Sabuwar makaranta ba ta tara littattafan shekara hamsin cikin dare ɗaya, saboda haka ɗalibanta za su fi dogara ga rumbunan intanet fiye da takwarorinsu na tsofaffin jami'o'i. Su ne suka fi kowa bukatar wannan ƙwarewa.

A ɗaya gefen kuma ga masu abin bayarwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai Laburaren Kashim Ibrahim, tana horar da ma'aikatan laburare tun 1968. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin laburare, tana kuma da tsohuwar cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ta daɗe tana aikin fassara da ƙirƙirar kalmomin Hausa. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Bichi mai yaye malaman kimiyya da sana'a, ga Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano mai Laburaren Murtala Muhammad. Asusun TETFund kuma yana ware wa manyan makarantun gwamnati kuɗin bunƙasa laburare. In waɗannan suka raba aiki a tsakaninsu, wannan ya rubuta darasin nema, wancan na aunawa, wani ya fassara, wani ya ɗauki nauyin sabuntawa, nauyin ba zai danne kowa ba.

Sai dai darasin da zai yi amfani a Gwarzo dole a auna shi da halin Gwarzo. Na farko, a yi shi domin waya, ba domin kwamfutar tebur ba, tun da wayar ce a hannun jama'a. Na biyu, ya kasance mara nauyi: gajeren rubutu da murya da 'yan hotuna, maimakon dogon bidiyo mai cinye data. Na uku, a iya sauke shi sau ɗaya a tura wa juna daga waya zuwa waya, saboda inda sabis ke da rauni ko wutar lantarki ba ta zama. An taɓa yin irin wannan dabara a 1999, lokacin da laburaren aikin gona na Jami'ar Cornell ya tara mujallun noma cikin faya-fayen kwamfuta, ƙarƙashin shirin TEEAL, domin cibiyoyin da ba su da intanet. Na huɗu, a yi bayani da Hausa, a kawo kalmomin nema da Turanci, domin yaro ya fahimci dabarar da harshensa sa'an nan ya yi aiki da ita a harshen da aka rubuta binciken. Na biyar, misalan su zama na gida: tsargiya, zazzaɓin cizon sauro, ƙudujin da ke cin gero da dawa, ƙwarin da ke ɓata wake a rumbu. Na ƙarshe, a tuna cewa a gidaje da yawa wayar ba ta hannun 'ya mace, saboda haka sai makaranta ta ware lokaci da wurin da 'yan mata za su yi darasin.

Abin da malami zai iya farawa da shi

Ba sai an jira jami'o'i sun gama shiri ba. Malamin ilimin halittu a kowace sakandare na iya ware minti goma a mako. Ya ce wa ɗalibai su kawo wani saƙon lafiya ko na noma da ke yawo a WhatsApp ko Facebook, ya rubuta shi a allo, aji ya yi masa tambayoyin nan huɗu: wa ya faɗa, yaushe, da wace hujja, don me? Sa'an nan a gwada maganar da abin da ke cikin littafin aji, in da waya kuma a nemi majiya biyu da ba su da alaƙa da juna. Wani makon ya kawo rubutu biyu kan batu guda, ɗaya na hukumar lafiya ɗaya na mai talla, ya ɓoye sunayensu, ɗalibai su gano wanne ne wanne, su kuma faɗi dalili. A kowane aikin gida ya ware maki ga wanda ya ambaci madogararsa. Kuma in ɗalibi ya tambaye shi inda ya samo wata magana, kada ya ɗauka raini ne. Ranar nan ce darasin ya fara kama ƙasa.

Kammalawa

Ilimin kimiyya gaba ɗayansa a kan tambaya guda aka gina shi: ta yaya aka sani? Ɗalibin da ya saba yi wa gwajin ɗakin kimiyya wannan tambaya, ya kamata ya saba yi wa wayarsa ita. Ɗakunan karatun jami'o'i suna da masana, sakandarorin Gwarzo da Kabo suna da ɗalibai, intanet kuma ta shimfiɗa hanya a tsakaninsu wadda ta fi titin mota gajarta. Abin da ya rage shi ne a kira gayyar, a raba kunya-kunya, kowa ya kama tasa. Ɗalibar da ta koyi bin sawun magana har zuwa tushenta, ita ce za ta ce wa iyayenta a kai ƙanenta asibiti in ya fara fitsarin jini, kuma ita ce za ta ajiye kwanon gishiri ranar da wani saƙon ya sake zuwa da tsakar dare.